Miyar tumatir da kayan teku: tawa tana tsinkewa, jatan landen kuma yana tauri

Maman Sadiƙ (Ketu, Legas):

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Taimako nake nema wajen waɗanda suka daɗe a Kudu, ko duk wadda hannunta ya faɗa da girkin kayan teku.

Ni 'yar Funtuwa ce, aure ya kawo ni Legas. A gidanmu in an ce kifi, to tarwaɗa ake nufi ko karfasar dam ɗin Mairuwa, sai banda da ake jefawa a miyar kuka. Jatan lande kuwa busasshe kawai na sani, wanda ake dakawa. Da muka tare a nan, wata maƙwabciyarmu 'yar Kalaba ta aiko mana da jar miya ranar sunan jikarta. A ciki akwai kifi, da manyan jatan lande, da ƙaguwa, da wani farin abu da aka yanka zobe-zobe, wai shi kalamari. Miyar ta yi ja wur, ga kauri, mai ya taso a sama, ba ka jin ƙarni ko kaɗan. Maigida ya tashi da ita da farar shinkafa, tun daga ranar kuma bai bar ni na sha ruwa ba, kullum maganar miyar nan. Matar kuwa sun tashi daga gidan, sun koma garinsu.

Ga yadda nake yi. Ina markaɗa tumatir goma, tattasai uku, attarugu huɗu da albasa biyu a blenda, da ɗan ruwa don ta juya. In zuba a man gyaɗa in soya kamar minti goma. Sai in zuba kifi kuroka da jatan lande da ƙaguwa da kalamarin gaba ɗaya, in sa gishiri da dunƙule da kori, in rufe tukunya in ba ta minti talatin, don ina tsoron mu ci ɗanye.

In na buɗe sai in tarar ruwa ya kwanta a gefe guda, tumatir a gefe guda. Ga tsami. Kifin ya dagargaje, ƙaya ta watsu a miya har ina tsoron ba yara. Jatan landen da na saya manya-manya ya ƙanƙance ya yi tauri kamar roba, kalamarin ma haka. Ƙarnin kuwa sai na kunna turaren wuta kafin ya bar falo.

Abin da ya sa na matsu, Hajiyarmu, mahaifiyar maigida, za ta zo ganin jikoki, shi kuma ya dage sai ta ɗanɗana miyar nan. Ita kuwa na taɓa jin ta ce ƙaguwa ba abincin Musulmi ba ce. Don Allah a taimaka min ta ɓangaren girkin, in kuma akwai mai sani a kan maganar halaccin, ya fitar da ni duhu. Na gode.

Ummu Nabila (Kano):

Wa alaikumus salam. Maganin tsami ai mai sauƙi ne, ki jiƙa 'yar kanwa ki tsiyaya ruwan a kan markaɗen yana tafasa, za ki ga ya yi kumfa, tsamin ya tafi. In babu kanwa, bakin cokali na bekin soda ma yana yi. Ƙarni kuma ki wanke kifin da lemon tsami sosai, ki bar shi a ciki ya jima. Ni dai kifi nake ɗan soyawa kafin in sa a miya, ba ya fashewa. Su ƙaguwa kam ba ruwana da su, ko a hoto na gani sai tsigar jikina ta tashi. Allah ya ba da sa'a, a gaida Hajiya in ta iso.

Hajiya Mai Abinci (Agege):

Wa alaikumus salam 'yata. Tun kafin a mayar da babban birni Abuja a 1991 nake sayar da abinci a Agege, kuma ina isowa inda kika ce kin rufe tukunya minti talatin na gane inda gizo yake saƙar. Tumatir yana son daɗewa a wuta, kayan teku ba sa so. Ke kin gajarta wa tumatir, kin tsawaita wa kifi. Juya lissafin za ki yi, sauran duk gyare-gyare ne.

Mu fara da tumatirin. Ke da kike Ketu, kasuwar Mile 12 tana bayan gidanki, kuma kayan gwarin da ake saukewa a can ai namu ne, daga Kadawa da Kura da wajajen Zariya, har da Danja maƙwabtanku. Ki nemi dogon nan mai tauri da 'yan gwari suke ce wa UTC, namansa ya fi ruwansa yawa. Na rani, daga Janairu zuwa Maris, shi ne mai kyau kuma mai araha. Na damina ruwa ne zalla, ga tsada. In kin faɗa wannan lokacin, ki rage ɗanye ki cike da busasshe, ki wanke shi da kyau saboda ƙasa, ki jiƙa a ruwan zafi ki markaɗa tare. A 2016 da tsutsar sharon ta cinye gonakin Kano da Kaduna, da busasshen nan muka riƙe sana'a, kuma masu ci ba su yi ƙorafi ba.

Haɗinki tumatir ya yi yawa. Ki mayar da shi shida, tattasai biyar, attarugu uku, albasa biyu manya, ki ware ɗaya don suya. Tattasai shi ne mai kawo jan da kika gani a miyar maƙwabciyarki, kuma ba shi da tsami. Ki cire 'ya'yansa. Kada ki sa wa blenda ruwa. Ki fara jefa tumatir a ƙasa, ruwansa ya isa ya juya sauran.

Markaɗen nan ba kai tsaye zai shiga mai ba. Ki juye shi a tukunya mai faɗi, ba mai, ba murfi, ki bar shi ya yi ta tafasa har ruwan ya ƙone, ya koma kusan rabin yadda kika zuba, ya fara kama gindin tukunya. Zai ci minti ashirin zuwa talatin, gwargwadon tumatirin. Sannan ki ɗora mai a wata tukunyar, ki soya albasa ta yi laushi, ki sa citta da tafarnuwa dakakku, ki sa cokali biyu na tumatirin gwangwani ki juya shi a man har jansa ya ɗan yi duhu. Yanzu ne dafaffen markaɗen zai shiga. Ki rage wuta, ki riƙa juyawa, har mai ya rabu ya taso sama. Ki ɗanɗana. In tsami ya tsunkule ki a gefen harshe, bai yi ba, ki ƙara masa lokaci. Ba a gaggawa a wannan wurin, don duk abin da bai gyaru a nan ba, ba zai gyaru bayan kifi ya shiga ba.

Ummu Nabila, ki yi haƙuri, a nan ban bi ki ba. Kanwa tana kashe tsami, gaskiya ne, amma tana dusashe jan miya, kuma aikinta ke nan sa abu ya yi laushi, shi ya sa muke sa ta a wake. Yarinyar nan kukanta kifi yana dagargajewa, ba ta buƙatar abin da zai ƙara masa laushi. Lemon tsami kuma a wanke a ɗauraye nan take. In kifi ya jima a cikinsa naman yana fari ya fara saki tun bai ga wuta ba. Suyar da kika ce kuwa tana yi, sai dai soyayyen kifi ba ya ba miya daɗinsa yadda ɗanye yake bayarwa.

Ƙarni yana da mazauni, kuma ba a naman yake ba. Ki buɗe kunnen kifin ki fizge jan abin nan da yake numfashi da shi. Ki duba cikin cikinsa, jikin ƙashin baya akwai baƙin jini a kwance, ki kankare shi da bakin cokali a ƙarƙashin famfo har wurin ya yi fari. Jatan lande ki ɓare, ki tsaga bayansa da wuƙa kaɗan, za ki ga wani baƙin zare, hanjinsa ne, ki zare. Ƙaguwa ki ɗaga ƙoƙon bayanta, ki cire abubuwan nan masu laushi ruwan toka da suke jere a gefe biyu, ki goge ta da buroshi, ki raba biyu, ki ɗan fasa hannuwan da muciya don miya ta shiga. Kifin, bayan kin yanka shi da kauri, ki barbaɗa masa gishiri ki ajiye kwata na awa, ki tsane shi da tsumma mai tsabta. Gishirin yana ɗaure naman.

Kawunan jatan landen da ɓawonsa na san zubarwa kike yi. Ki daina. Ki zuba su a ƙaramar tukunya da ɗan mai, ki juya har su yi ja, ki danna kawunan da ludayi man cikinsu ya fito, ki ƙara kan kifin da yankin albasa da citta da ruwa kofi biyu, ya tafasa minti goma sha biyar zuwa ashirin, ki tace. Ina kyautata zaton wannan romon ne kika ji a miyar 'yar Kalaba kika kasa gane ko mene ne. Da shi za ki sassauta soyayyen tumatirinki, ba da ruwan famfo ba, kuma ki bar miyar ta fi yadda kike so kauri, don kayan teku suna sakin nasu ruwan.

Shigarsu tukunya bi da bi ne. Ƙaguwa ce farko, ki ba ta minti biyar ita kaɗai. Sai ki jera kifi a sama, ki ɗebo miya ki rufa masa, wuta kaɗan, minti bakwai ko takwas. Daga nan ludayi ya gama aiki. In kina tsoron kamu, ki kama hannuwan tukunya ki girgiza a hankali. Jatan lande da kalamari su ne na ƙarshe, minti biyu zuwa uku. Ki tsaya a kansu, kada ki je ɗauko komai. Jatan lande in ya yi ja ya lanƙwasa rabi, ya nuna. In kai da jela suka haɗe, ya wuce. Kalamari kuwa halinsa daban: ko minti biyu, ko ki bar shi ya doshi awa guda ya sake laushi. Tsakanin nan ne taurin yake, kuma a nan kike sauke shi. Ki kashe wuta, ki yayyaga ganyen ɗoɗɗoya a kai, in a kasuwar nan ne ki ce efirin, ki rufe na ɗan lokaci.

Korin nan ki rage shi ko ki bar shi gaba ɗaya, ba miyar kaza ba ce. Daddawa ma ba wurinta ba ne. Masoro kaɗan ya wadatar.

Abu Hafsat (Fatakwal):

Assalamu alaikum. Girki na bar wa iyayenmu mata, Hajiya ta gama magana. Zan ɗan ce wani abu ne a kan halaccin, 'yar uwa.

Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 96, an halatta mana farautar teku da abincinsa. Akwai kuma hadisin Abu Huraira da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, inda aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ruwan teku, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. A kan haka mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muka tashi a kanta, ta halatta ƙaguwa da jatan lande da sauran abin da yake rayuwa a teku, ba sai an yanka ba. Hanafiyya ce ta taƙaita a kan kifi kawai, har malamansu suka yi saɓani a kan jatan lande, ko kifi ne ko ba kifi ba. To in kin ji wani ya hana, wataƙila daga can ya ɗauko.

Amma ina ganin maganar Hajiyarku ƙyama ce irin ta wanda bai saba ba, kuma wannan haƙƙinta ne. An kawo wa Annabi naman damo bai ci ba, Khalid bin Walid ya tambaye shi ko haram ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, ransa ba ya so. Khalid ya ci a gabansa. Don haka kada a tsaya jayayya da uwa a kan ƙaguwa, kada kuma a sa mata a ɓoye. Ki gaya wa maigidan hakan cikin hikima.

Abu ɗaya da na sani na cefane, tunda ni nake zuwa kasuwar Creek Road a nan: ƙaguwa da ranta ake saye. Ki taɓa ta ki ga ta motsa, ki ɗaga ki ji nauyi. Wadda ta mutu a tire ba ki san tun yaushe ba, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa, saurin lalacewarta ya fi na kifi.

Antin Nima (Akra, Gana):

Salamu alaikum, gaisuwa daga zango. Hajiya, na karanta naku har ƙarshe, na ƙaru, musamman maganar romon kawuna. Amma ku yi min izini in kawo wata hanyar, don Maman Sadiƙ ta san ba ƙofa ɗaya ba ce.

A nan Gana mutanen bakin teku na wajajen Cape Coast da Elmina suna da miyar da ake kira fante-fante, asalinta girkin masunta ne. Da manja ake yi, kuma ba a yi mata doguwar suya. Ana narkar da manjan ne kawai, ba a barinsa ya yi hayaƙi, a sa albasa da yawa, a zuba tumatir da barkono da citta da aka niƙa a asanka, kaskon nan namu mai zane a ciki. Niƙan asanka ba ya laushi sosai, kuma ba a sa masa ruwa, shi ya sa tumatirin yake saurin nuna. In ya tafasa ɗanyen ƙamshin ya fita, sai a kwantar da ɗanyen kifi a ciki, a jefa 'yan koren barkono kpakpo shito guda-guda don ƙamshi. Miyar takan fito da ɗan ruwa-ruwa, haka ake son ta, don da dokunu ko banku ake ci, ana dangwala. Ruwa-ruwa ba laifi ba ne in miyar a haɗe take. Abin da ba a so shi ne wanda kika faɗa, ruwa gefe, tumatir gefe.

Ni a ganina ma manja ya fi man gyaɗa dacewa da kayan teku, yana danne ƙarni, kuma maƙwabciyarki in 'yar Kalaba ce zai yi wuya a ce babu manja a tukunyarta ko da kaɗan ne. Ki tuna launin man da ya taso, in ya yi ja mai duhu har ya kama farantin, to shi ne. Kina iya haɗawa rabi da rabi ki gani.

Sai dai fante-fante ba ta rufa wa tsohon kifi asiri. Duk dabarar wanki da Hajiya suka faɗa tana aiki ne a kan kifi mai kyau. Ki kalli idonsa, ya zama garau a bultse, ba wanda ya faɗa ciki ya yi hazo ba. Cikin kunnen ya zama ja, ba ruwan ƙasa ba. Ki danna naman da yatsa, in ramin ya tsaya bai taso ba, ki wuce gaba. Mu a nan masunta ba sa fita teku ranar Talata, tsohuwar al'ada ce, don haka ni ba na sayen ɗanyen kifi ranar, na san na jiya ne. Ki tambayi masu sayar miki a can lokacin da jiragen suke dawowa, ki daidaita cefanenki da shi.

Nas Binta (Kaduna):

Ina ƙara abu ɗaya ta ɓangaren lafiya, tunda Hajiyarku ba ta taɓa ci ba. Jatan lande da ƙaguwa suna cikin abincin da jikin wasu ba ya karɓa, kuma abin yakan iya bayyana ko da mutum ya manyanta. Alamun sukan zo da wuri: ƙaiƙayin baki, borin jini, kumburin leɓe ko fatar ido, amai. In aka ga murya ta shaƙe ko numfashi yana wahala, asibiti kai tsaye, ba a jira a ga abin da zai faru, ba a tsaya ba da manja ko madara.

Kuma a lura, tsame jatan landen daga farantin mutum ba ya wadatarwa, don abin ya riga ya shiga miyar, balle in an yi ta da romon kawunan da Hajiya suka koyar. Dahuwa ma ba ta kashe shi. Yara ma a fara musu da kaɗan. In kuma tana da hawan jini, a sassauta dunƙule, kayan teku suna da nasu gishirin.

Maman Sadiƙ (Ketu, Legas):

Kai, Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Hajiya, Allah ya ƙara girma, na kwafe bayaninku a takarda na manna a kicin. Anti, da kuka faɗa na tuna, lallai farantin ya yi ja har sai da na sa omo sau biyu, manja ne. Malam, na karanta wa maigida naku, ya yi dariya ya ce ya ji.

Saura tambaya biyu, Hajiya. Ranar da za ta iso ni ma zan bi su tarbo ta, kuma kun san cunkoson hanya, ba zan samu zaman tsayawa a kan tumatir ba. Zan iya yin miyar tun ana gobe za ta iso, in ɗumama? Na biyu, jatan landen da kalamarin na kanti nake saya, daskararru a leda, ina zuba su a ruwan zafi su saki. Ko shi ma yana cikin abin da yake ɓata min? Wutarmu kuma ba ta da tabbas, firij ɗin yakan kwana a kashe.

Hajiya Mai Abinci (Agege):

'Yata, soyayyen tumatirin ki yi shi tun ana gobe za ta iso, ya ma fi daɗi in ya kwana. Ki tabbata ya soyu mai ya rufe samansa, in babu wuta ki tafasa shi da dare ki sake tafasawa da asuba, ba abin da zai same shi. Kayan tekun ne ba za su kwana a ciki ba. In kun dawo, kafin Hajiya ta yi wanka ta yi sallah kin gama, dahuwarsu gaba ɗaya kamar kwata na awa ce.

Ruwan zafin nan ki bar shi. Yana dafa bayan jatan landen cikinsa yana ƙanƙara, kafin ya shiga miya ya yi rabin tauri. Ki sa su a leda ki ɗaure, ki nutsa a roba da ruwan sanyi, ki riƙa canja ruwan, cikin rabin awa sun saki. Sannan ki zube su a kwando su tsane, ki goge da tsumma. Na ledar nan ana lulluɓe su da ƙanƙara tun daga kamfani, in kika juye su haka, ruwan duk a miyarki zai ƙare. In kin je saye ki matsa ledar: in suna warwatse ɗaya-ɗaya, lafiya, in sun dunƙule wuri guda da garin ƙanƙara a ciki, sun narke an sake daskarar da su, ki ajiye. Wanda kansa ya yi baƙi ko yake da wari mai hawa hanci, shi ma haka. Da firij irin naki, kada ki sayi na ajiya, ki sayi na ranar. Yawancin na ledar ba su da kai, to don romo sai kin leƙa kasuwar Oyingbo ko ta Makoko da sassafe kin samo masu kai. Epe ta fi kaya amma ta yi miki nisa, Ijora kuma ta masu sayen katan ce.

Maganar nas ki riƙe ta. Ki raba tumatirin tukunya biyu tun kafin romo ya shiga, kowace da ludayinta. Ta Hajiya ki sa mata tarwaɗar da ta sani: ki yanka, ki kwara mata ruwan zafi yauƙin ya daskare ki kankare, naman ma zai ɗaure, ki dafa minti goma. In ta ga ɗanta yana fasa ƙaguwa ta ce a ɗan san mata, sai ki ɗiba mata cokali guda.

In miya ta yi saura, ki tsame kayan tekun a kwano daban. Gobe ki tafasa miyar ita kaɗai, ki mayar da su su yi zafi sosai ki sauke. Kada ta wuce goben. Manjan da ƙanwata ta Akra ta ce, ki gwada rabi da rabi, amma ki ɗanɗana shi a kasuwa tukuna, wanda yake maƙale a maƙogwaro tsoho ne.